Makullin da Ya Tafi Lakwal

Ku gyara zama, kowa ya ajiye abin da ke hannunsa. Wannan labari na masu taɓe-taɓe ne.

A garin Dakoro akwai wata yarinya mai suna Mas'uda. Shekarunta goma. Ba ta da ƙiwuya, ba ta da rashin kunya. Aibinta ɗaya ne, tana son ƙawayenta su ce ta fi kowa.

Babanta, Alhaji Zakariya'u, ɗan kasuwar hatsi ne. Wata shekara ya sayo mota daga Kwatano. Makulli dai kowa ya san shi, ƙarfe ne, a zura a rami, a murɗa. Na wannan mota kuwa wani ɗan baƙin abu ne kamar kwalin ashana, da maɓallai uku a jikinsa. Ba a zura shi ko'ina. Yana kwance cikin aljihu, mota ta buɗe. Kuma guda ɗaya tak aka ba Baba.

Motar ta sha ba shi haushi. Sai ya fita ya juya baya, ta kulle kanta. Ran nan a masallaci ya yi sujada, ya danne maɓalli bai sani ba. Motar ta dinga kuka a bakin ƙofa har aka sallame. Ga ta da tsegumi. In bai ɗaura bel ba ta yi ƙara. In ƙofa ba ta rufu ba ta yi ƙara. Har Baba ya daina sauraronta.

Kaka, mahaifiyar Baba, sau ɗaya ta shiga. Da aka fara tafiya, ƙofofi suka ce ƙaƙas, suka kulle da kansu.

Kaka ta ce, "Wa ya sa ta?"

Baba ya ce, "Haka take, Inna. Zamani ne."

"To, ka kiyayi abin da ke rufe ƙofa ba a sa shi ba. Jakina bai taɓa kulle ni ba."

A lakwal kuwa, wato makarantar boko, Mas'uda ta cika ƙawayenta da labari. Ta ce motarsu tana ƙyafta ido in an taɓa makullinta daga nesa. Wata ƙawarta, Munira, ta taɓe baki.

"Ƙarya kike. Makulli ba haƙora? In gaskiya ne ki kawo mu gani."

Wannan magana ta tsaya wa Mas'uda a rai.

Ranar Laraba da safe, Baba yana wanka, babbar rigarsa tana rataye a ƙusa. Mas'uda ta sa hannu cikin aljihu. Ta zaro makullin, ta jefa cikin jakar lakwal. Ta ce a ranta, da rana zan mayar. Ai ta sha gani, da yatsa Baba yake danna wani wuri mota ta tashi. Makullin nan na ƙyafta fitila ne kawai.

Sai ga waya daga ƙauye. Gwaggo Hawwa'u, ƙanwar Baba, tana aure a wani ƙauye can bayan Korahane. Tun jiya take naƙuda. Ungozoma ta ce abin ya fi ƙarfinta, a kai ta gidan likita a Dakoro.

Baba ya zura riga da sauri. Ya ce, "Mas'uda, zo in sauke ki a hanya."

Suka fito tare. Baba ya taɓa ƙofa, ta buɗe. Ya danna da yatsa, mota ta tashi. Mas'uda ta rungume jakarta, hankalinta ya kwanta. Ta ce a ranta, ka gani, ba ta ma bukatar shi. Ba ta san motar tana jin makullin a cikin jakarta ba ne.

A ƙofar lakwal ta sauka. Tana yin taku uku, motar ta fara ƙara, tit tit tit. Wani rubutu ya fito a gaban Baba.

Baba ya ce, "Ke dai ba kya rabo da tsegumi." Ya ja mota ya tafi.

Da aka fita hutu, yara suka kewaye Mas'uda. Kowa yana son ya taɓa. Munira ta jujjuya shi, ta ce, "To, ina ƙyafta idon?"

"Ai motar ta yi nisa."

"Kin ji ko? Wannan ko kwalin ashana ya fi shi amfani."

Yara suka yi dariya. Daɗin da Mas'uda ta zo nema bai samu ba.

Aka koma aji. Tana ta danna maɓallan a ƙarƙashin tebur. Mushe Kimba, malaminsu, ya tsaya a kanta.

"Mi ne ne wannan?"

"Abin wasa ne, Mushe."

"Kawo. Gobe ki zo da wani babba ya karɓa."

Ya jefa shi cikin jakarsa ba tare da ya duba ba. Mas'uda ta bi jakar da kallo. Amma ta ce a ranta, gobe ma rana ce.

Da rana ta yi tsaka aka tashi. Tun daga zaure ta ga gidan ba daidai ba. An fito da katifu tsakar gida. An zazzage akwatuna. Ba a ɗora tukunya ba. Innarta, Rahinatu, tana durƙushe cikin rana, tana tankaɗe rairayin tsakar gida da rariya.

"Inna, mi ya faru?"

Inna ba ta ɗago ba. "Makullin motar babanki ya ɓata. Ya isa ƙauye, ya kashe mota. An ɗauko gwaggonki an sa a ciki, mota ta ƙi tashi. Ya laluba aljihu, babu komai. Sai da ya hau tudu ya samu rezon waya ya kira."

"Ba za a tura ta ba?"

"An tura. Samari goma sun tura. Irin wagga mota ba ta tashi da turi. Na aika wajen makanike, ya ce in ba makullinta ba, ko shi ba abin da zai iya."

Mas'uda ta buɗe baki. Sai ta tuna fuskar Baba in ya yi fushi. Ta tuna kuma makullin ma ba ya hannunta. Ta rufe bakin. Ta raɓa ta zauna gindin turmi.

Nan ne ta yi kuskure na biyu, kuma ya fi na farko muni.

Kaka tana zaune kan tabarma a inuwar rumfa. Ba ta kuka. Carbi ne a hannunta, ga wani ɗan ƙunshi a gefenta. Zannuwa ne ƙanana da hula, da ta yi wata uku tana tanada wa jinjirin ɗiyarta.

Waya ta sake ƙara. Inna ta ɗauka da rairayi a hannu. Kowa ya yi tsit, har Mas'uda tana jin muryar Baba.

"Kun gani?"

"Ba mu gani ba, Alhaji."

"Motar kasuwa ba ta biyowa nan sai jibi. Mun sa Hawwa'u a amalanken shanu. Ina bin su a ƙasa." Ya ƙara da cewa, "Ɗazu tana ta kuka. Yanzu ta daina. Ko sunanta aka kira ba ta amsawa sosai."

Waya ta yanke.

Kaka ta ce, "Shanu cikin wannan rairayi, sai magariba." Ta ɗauki ƙunshin, ta ƙara ɗaure bakinsa, ta tura shi bayanta inda ba za ta gan shi ba.

Inna ta zauna dirshan a ƙasa. Hawaye suka zubo mata.

"Ni ce. Da safe na kakkaɓe rigar kafin ya sa. Ni na yar da shi. In Hawwa'u ta rasu, da wane ido zan dubi mutanen gidan ga?"

Ta koma ta ɗauki rariya. Rairayin da ta riga ta tankaɗe, shi ta sake tankaɗewa.

Mas'uda ta dubi innarta. Ta tuna Gwaggo Hawwa'u, wadda ke yi mata kitso duk Sallah, tana aiko mata da cuku daga ƙauye. Duka dai ana sha a warke. Wannan kuwa ba ya warkewa.

Ta tashi. Ta je gaban Kaka ta durƙusa.

"Kaka, ni na ɗauka."

Rariya ta faɗi daga hannun Inna.

Kaka ta ce, "Yana ina?"

"Yana wajen Mushe Kimba. Ya karɓe a aji."

"Tun yaushe kika shigo gidan ga?"

"Tun ɗazu."

"Kina kallon uwarki tana cin rairayi?"

Inna ta yunƙuro za ta kai mata mari. Kaka ta ɗaga hannu.

"Bari, Rahinatu. Mari ba ya tada mota. Ke, kin san gidan mushen?"

"Na sani."

"To, ƙafarki ta fi bakinki sauri yau."

Mas'uda ta fita da gudu, Inna tana binta. Rana ta yi zafi, ƙasa tana ƙona ƙafa. Takalminta ɗaya ya tsinke, ta bar shi nan.

Suka iske Mushe Kimba ya sa hannu cikin kwano ke nan. Mas'uda ta faɗa masa komai, tana haki. Ta faɗa har da ƙaryar da ta yi masa.

Mushe ya zazzage jakarsa. Makullin ya faɗo tsakanin alli da littattafai.

Ya ce, "Da kin ce mini makullin mota ne, da tun safe na aika da shi." Ya wanke hannu, ya jawo babur ɗinsa. "Hajiya, wane ƙauye ne? Ni zan kai."

Inna ta kwatanta masa. Ya sa makullin a aljihu, ya ɗaure bakin aljihun da fil. Ya tafi.

Daga nan sai jira. Kaka ta ce ba za ta zauna gida ba. Ta ɗauki sandarta, ta ɗora wa Mas'uda ƙunshin nan a kai. Suka tafi ƙofar likita, suka zauna gindin wata itaciyar bedi.

Aka kira azahar. Babu mota. Mas'uda ta ƙura wa hanya ido har idanunta suka yi ja. Duk ƙurar da ta taso sai ta miƙe. Sai ta ga akuyoyi ne, ko motar wani.

Ta ce, "Kaka, Gwaggo za ta mutu?"

Kaka ta ce, "Ban sani ba. Ba zan yi miki ƙarya don ki ji sanyi ba. Ki roƙi Allah."

Mas'uda ta sa kai tsakanin gwiwoyi. Ta yi ta roƙo. Ba ta taɓa jin rana mai tsawo kamar wannan ba.

Ana gab da la'asar sai ga motar, ta yi fari da ƙura, Mushe Kimba yana biye a babur. Ya iske amalanken a hanya, ya ɗauki Baba suka koma wajen motar, sannan suka dawo suka ɗauki Gwaggo. Aka fito da ita. Idanunta a rufe, leɓɓanta sun bushe. Ma'aikata suka shige da ita da sauri.

Baba ya tsaya a waje. Rigarsa duk ƙarangiya. Ya dubi Mas'uda, ya kau da kai. Wannan kallo ya fi mata bulala ciwo.

Suka ci gaba da jira. Inuwar bedi ta yi tsawo.

Can sai wata ma'aikaciya ta leƙo. "Ina masu Hawwa'u? Ta sauka. Mace ce. Uwa da ɗiya suna numfashi. Amma kun yi sa'a, da kun ƙara jinkiri da labari ya sha bamban."

Kaka ta ce, "Alhamdulillahi." Ta kwance ƙunshin, ta miƙa zannuwan.

Mas'uda ta rarrafa gaban Baba. "Baba, ka yi mini gafara. Ba zan sake ba."

Baba ya daɗe yana kallonta. Ya ce, "Ɗaukar da kika yi laifi ne. Shirun da kika yi ya fi shi. Amma da ba ki faɗa ba, da yanzu makoki muke. Tashi, na yafe."

Kaka ta ce, "Shi ya yafe. Ni da saura. Kwana arba'in gwaggonki za ta yi wankan jego a gidanmu. Ke ce mai ɗibar ruwa, ke ce mai wanke zannuwan jinjira. Hannun da ba shi da aiki shi ke shiga aljihun mutane."

"To, Kaka."

Kaka ta juya ga Baba. "Kai kuma. An ce abin nan ya yi maka kuka tun ƙofar lakwal."

"Kullum kuka take, Inna."

"Ko tsohuwa mai mita, wata rana gaskiya take faɗa. Ba ni makullin nan."

Washegari Kaka ta kai makullin wajen baduku. Aka ɗinka masa gidan fata da igiya mai kauri. Ta rataya wa Baba a wuya da hannunta.

Ranar suna aka sa wa jinjira Zara. Mas'uda ce ta fara goya ta. Munira ta zo barka, ta raɗa mata, "Ashe da gaske makulli ne." Mas'uda ta wuce abinta. Tana da wanki a gabanta.

To, kun ji. Abin da ba naka ba ne, kada ka ɗauka sai ka tambaya, ko da ka ga ƙarami ne, don ba ka san abin da ya rataya a kansa ba. In kuma ka riga ka yi kuskure, faɗi da wuri. Gaskiyar da ta makara, kaɗan ya rage ta zama ba ta da amfani.

Ku tashi haka nan, kowa ya kama aikinsa.