Jifan Shuɗin Duro

Magariba ce irin ta kullum. Mai Kifi na alwala a tsakar gida, matarsa na kwashe shanya, sai ga dutse, tim, a jikin shuɗin duron da suke tara ruwan sha. Dutsen a jiƙe yake, yana ƙarni.

Dama gidan a cikin jimami yake. Tafkin da ke bayan katanga, wanda wani ɗan rafi ke shayarwa, shi ne cinsu da shansu. Wata safiya tarwaɗa suka taso sama suna haɗiyar iska, kafin la'asar duk sun juya cikinsu sama. Ƙanin Mai Kifi, wanda yara ke ce wa Baba Ƙarami, ma'aikaci a wani kamfanin jimar fata, shi ya taya shi binne su, har da hawayensa. Shi ne ya kawo musu duron nan kyauta. Ɗan gayu ne, ko abinci ya zo ci da robar ruwansa yake zuwa, yara na tsokanarsa.

Jifa ya ci gaba, kullum da faɗuwar rana, kullum a kan duro. Rannan sai Auta, ƙaramar 'yarsu, ta yanke jiki ta faɗi, bakinta na buɗewa yana rufewa, numfashi ya ƙi shiga, kamar kifin da aka yar a kan yashi.

Aka ɗauko malam, Baba Ƙarami ma ya zo. Malam ya daɗe yana karatu. Can sai muryar tsohuwa ta fito daga bakin yarinyar.

"Ni ce ta bakin rafi. Tun kafin mai gidan nan ya haƙa tafkinsa nake nan, ban taɓa cutarsa ba. Sakayyata kenan, a ƙone min ruwa?"

"Me yarinya ta yi miki?" in ji malam.

"Ba ni na fara kama ta ba, ruwan da take sha ne. Wani ya wanke durorin maganin kamfani a rafina. Akwai hoton ƙoƙon kai a jikinsu, ya sa wuƙa ya kankare. Na yi ta jifan duron nan, ku kurame ne?"

"Wane ne?"

"A ba ni shi, in nutsar da shi."

"Ba a ba ki rai," malam ya ce. "Za a fasa duro, a kwashe lakar tafki, a bar miki rafinki. Ki sake ta."

Muryar tsohuwar ta ce, "Na yarda. Suna kuwa, ku tambayi wanda ya san ruwan da ba a sha."

Auta ta yi atishawa, ta ja numfashi mai nauyi. Uwar ta fashe da kuka, tana cewa a nemo mota a kai ta asibiti.

Mai Kifi ya miƙe a hankali. Ya shafa jikin duron, yatsunsa suka faɗa kan kankarar wuƙa. Wallahi da maƙiyi ne da zuciyarsa ba ta yi masa zafi haka ba. Ya ɗebo ruwan duron a kofi, ya miƙa.

"Ƙanena, ka sha wahala yau. Sha ruwa."

Baba Ƙarami ya kalli kofin, ya ƙara matse robarsa a ƙirji.

"Yaya, na ƙoshi."