Ɗan Mai Burodi da Wadda Ba Ta Cin Alkama

Ruwan sama ne ya kora ta cikin gidan burodin, wurin da ta fi gudu a duniya. Tana raɓe a bakin ƙofa sai ɗan mai gidan ya miƙo mata burodi mai zafi, fulawa ta yi masa furfura a ka.

"Kyauta ne, kafin ruwan ya ɗauke."

"Na gode. In na ci, sai asibiti."

Ya yi dariya, ya ga ita ba ta yi ba. Nan ta gaya masa ciwonta, siliyak: ko ɓurɓushin alkama ya shiga cikinta sai ya ci mata hanji, ta kwanta tana murƙususu.

Ba a jima ba ya same ta a makarantar da take koyarwa, da burodin garin shinkafa da ya gasa a sababbin kwanuka. Tauri kamar bulo, amma ta cinye rabi. Tun daga ranar take ce masa Farin Kai, shi kuma yana ce mata Tsuntsuwata.

Da maganar aure ta taso, mahaifiyarsa ta ce atafau.

"Da alkama aka gina gidan nan. Ka rasa wadda za ka kawo min sai mai ƙyamar abincinmu? Iyayi ne kawai. Ga 'yar ƙawata nan, lafiyayya."

Kwatsam wata rana uwar ta sauko. Ta ba shi kek, ta ce na garin shinkafa ne, da hannunta ta yi wa surukarta. Ya kai mata bakinsa har kunne. Ta ci tana hawayen murna.

Kafin yamma tana asibiti ana yi mata ƙarin ruwa.

"Ɗan mai burodi ne zai kasa gane fulawa?" in ji yayarta a gefen gado. "Gwada ki suka yi."

Maganar ta fi ciwon cikin zafi. Ta ɗauki waya ta rubuta masa:

"Farin Kai, na saba a ce ƙarya nake. Ban taɓa zaton da hannunka za a gwada ni ba. Ka auri mai lafiya."

Amsa ta shigo nan take:

"Wallahi ban sani ba, Tsuntsuwata. Amma ni na miƙa miki, ba ni da bakin kare kaina."

Ba ta amsa ba. Watanni suka shuɗe. Ta sauya hanyar zuwa aiki, ta rame har ɗalibanta suna tambaya. In an ce an ga 'yar ƙawar uwarsa a gidansu, sai ta ce Allah ya sanya alheri, ta shige ɗaki ta kifa kai a filo.

Wata safiya aka yi sallama. Mahaifiyarsa ce. Ta ƙi kujera, ta zauna a ƙasa.

"Ni na zuba fulawa a kek ɗin, 'yata, bai sani ba. Na ɗauka in kin ci, lafiya za ki tashi, ya gane gaskiyata. Na je asibitin, na hango ki ta taga, na kasa shiga. Tun ranar ɗana bai ƙara cin abin hannuna ba, ya bar wa ubansa gidan burodin. Ki yafe min."



"Mama, ba warkewa zan yi ba fa. Da shi zan tsufa."

"Na sani. Ki koya min yadda zan ciyar da ke."

Sai a lokacin kukan ya ƙwace mata. Ashe Farin Kai yana tsaye a waje, ya kasa shigowa. Ta leƙa, ta ga ya fi ta ramewa.

"Ka shigo mana," ta ce.

Ranar aurensu uwar ango ba ta zauna cikin baƙi ba. A ƙofar kicin ta kafe, tana korar duk gwaggon da ta doso tukunyar amarya da ludayin wata tukunya. Da za a tafi da su, ta dafa kawunansu.

"Allah ya ba ku zaman lafiya. Kai kuma, in ta yi ciwo a gidanka, da ni za ka yi."