Masu Aron Ƙyaure

Kananzir na fita saya. Wuta ta ɗauke tun la'asar, fitilar ɗakinmu kuma ta fara tari, sai matata ta miƙo mini kwalba ta ce in yi sauri kafin duhu ya rufe.

"Kuma don Allah, Maigida, in ka ji wani abu a kwanar titin nan, yau ka bar wa wasu. Ni kaɗai ce da yarinyar nan."

"Haba, sai ka ce ni nake kiran motocin," na ce.

Gidanmu shi ne na ƙarshe kafin kwanar da ke ƙasan gangare. In mota ta sauko da gudu kuma direba bai san hanya ba, sai dai mu ji. Shekara goma sha ɗaya ina aikin kafinta a wurin, ban san adadin mutanen da na ciro daga cikin ƙarfe ba. Motar asibiti ba ta isowa da wuri, gadon ɗaukar mai rauni kuwa babu, don haka ƙyauren ƙofar gidana muke cirewa mu ɗora mutum, mu hau da shi kan gangare inda motoci ke iya tsayawa. Da gangan na sa masa hinjin da in ka ɗaga sama yake fita. Ba zan ɓoye ba, ina alfahari da hakan. Maƙwabcina mai faci har tsokanata yake yi, wai ƙyaurena ya fi ni sanin gari.

Amma a lokacin akwai abin da ya fi mini ƙyaure da alfahari duka. Shekara tara muna jiran haihuwa kafin Allah Ya ba mu 'ya mace, kuma ranar kwananta goma sha tara a duniya.

Na sayo kananzir ina dawowa, rana ta faɗi, sama ta yi ja. Saura taku kaɗan in isa gida na ji shi.

Ƙarar birki, doguwa, kamar ana yanka ƙarfe. Sai dam! Sai ruwan gilashi a kan kwalta.

Ƙafata ta san aikinta kafin kaina. Na dire kwalbar a gindin katanga. Na waiwaya wajen rumfar mai faci in kira shi, na gan shi tsugune yana alwala, yana wanke hannu a natse. Ko kai bai ɗaga ba.

"Mai faci! Ba ka ji ba?"

Bai juyo ba. Na ce a raina, wannan mutumin kurma ya zama da tsufa, bari in je in dawo mu yi ta.

Ko da na juya, mutum uku na tsaye a ƙofar gidana. Ban ga ta inda suka zo ba. Biyu gajeru, ɗaya dogo, duk sun sunkuyar da kai. Ba su yi sallama ba, amma a ranar hatsari wa yake lura da sallama?

"Kafinta," in ji dogon, da murya ƙasa ƙasa. "Ƙyauren."

Na sa kafaɗa na ɗaga, ya fita daga hinji. Daga ciki na ji matata tana cewa, "Maigida? Kai ne?"

"Yanzu zan dawo!"

Na bar ƙofar a wangale, labule kaɗai ya rage tsakanin iyalina da titi.

Muka gangara. Warin ƙonannen taya ya fara tarbata, sai na fetur. Ƙarƙashinsu akwai wani warin da ban saba ji a wurin hatsari ba, irin na ramin da aka haƙa yanzu.

Motar tana kife a cikin kwata, ƙafafu sama. Tsohuwar mota ce, irin wadda rabona da ganinta tun ina yaro. Ba lamba a jikinta. Taya ɗaya yana juyawa, yana wani siririn kuka.

Mai raunin yana kwance a gefen kwalta, an riga an lulluɓe shi da bargo tun daga kai har ƙafa.

"Yana da rai?" na tambaya.

"Yana jira," in ji dogon.

Muka shimfiɗa ƙyauren, fuskarsa mai santsi a sama, katakan da ke gicciye a ƙasa don a sami wurin riƙo. Gajerun suka ɗora shi. Na kama wajen kai, ina tafiya da baya kamar yadda na saba. Su biyun suka kama wajen ƙafa. Dogon ya aza hannu a kan bargon yana bin mu a gefe.

Na ɗauki ƙattai a kan wannan katako. Na ɗauki direban tanka wanda sai da muka zama mu shida. Ban taɓa jin nauyi irin wannan ba. Kuma sanyi yake yi. Sanyin ya ratso katakon ya shiga yatsuna.

A nan na fara kasa kunne.

Gilashi yana ƙaras ƙaras a ƙarƙashin takalmina. Nawa kaɗai. Mutum uku suna taka gilashin nan, ba sautin ko ɗaya.

Ba mai kuka. Ba mai salati. Ba maƙwabcin da ya fito da bokitin yashi.

Na hango tayar ta saman kafaɗunsu. Har yanzu tana juyawa, ko rage gudu ba ta yi ba.

Na yi niyyar sakin ƙyauren, yatsuna suka ƙi buɗewa.

Muka iso inda hanya ta rabu, hagu ta hau gangare, dama ta nufi gidana. Na ja hagu. Suka turo ni dama.

"Ba nan ba ne," na ce. "Sama ake kai mutum. Can ake samun mota."

Suka ci gaba da turowa, a hankali, kamar ana tura amalanke.

Daga cikin gida yarinyar ta tsala kuka.

Abin da ke cikin bargon ya motsa. Kansa ya juya, sannu sannu, ya fuskanci wajen kukan. Yana dab da cikina. Na ji numfashinsa ta cikin bargo, yana shaƙa kamar mai sansanar abinci.

Na dubi dogon.

"Me za ku yi a gidana?"

Dogon ya matso da bakinsa kusa da kunnena. Babu ɗumi a numfashinsa.

"Wannan jikin ya lalace," ya ce. "Na ciki sabo ne."

Na buɗe baki in nemi tsari, harshena ya manne. Ga mai faci can yana shafa kai, taku ashirin tsakaninmu, kamar a wata duniya yake.

Dugadugina ya bugi dokin ƙofa. Labule ya shafi ƙeyata. Taku ɗaya, na shiga.

Kukan yarinyar ya tsaya cak.

Sai ƙyauren ya yi ƙwas, ya tsaya shi ma.

Suka turo. Bai shiga ba. Suka sake turowa, katakon bakin ƙofa ya yi ƙara.

Ni na yi ƙyauren nan da hannuna. Ta waje yake rufe ƙofar, kuma na ƙara masa faɗin yatsa biyu a kowane gefe don kada ruwan sama ya feso mana. A kwance ba zai taɓa shiga ba.

"Karkata shi," in ji dogon.

Na riƙe shi a kwance.

"Karkata."

Bayana na ji takun matata. "Maigida, da wa kake magana? Me kake yi da ƙyaure kai kaɗai?"

Kai kaɗai.

Maganarta ce ta kwance mini harshe. Na ce, "A'uzu billahi!" da duk ƙarfin da ya rage mini, na ɗaga wajena sama har ya wuce kaina.

Nauyin ya sulale baya. Ya faɗi a waje da wani sauti kamar buhun jiƙaƙƙiyar ƙasa.

Na cafki katakon gicciye na fizgo. Ƙasan ƙyauren ya ja ƙasa, ya miƙe, ya rufe ƙofar bam.

Suka fara ja ta waje.

"Sakata!" na ce. "Sa sakata!"

Ba ta tambaye ni komai ba, Allah Ya saka mata. Ta kama sakatar sama tana turawa, ta ƙi shiga rami. Ƙyauren ya buɗe faɗin tafin hannu. Ta wurin na ga gefen bargon yana rarrafowa a ƙasa.

Na toka ƙafa a bango na ja. Farce biyu suka fita daga yatsuna, ban ji ba sai daga baya.

Ƙyas. Ta sama ta shiga.

Ƙyas. Ta ƙasa.

Wani abu ya jingina da ƙyauren ta waje, ƙasa ƙasa, daidai gwiwata. Yana shaƙa. Yana bin tsagar katako yana shaƙa.

Muka tsaya a duhu, ni da ita, ba mai motsi.

Sai yarinyar ta sake fashewa da kuka, mai ƙarfi, irin na yunwa. Ban taɓa jin abin da ya yi mini daɗi kamar wannan kukan ba. Na zauna a ƙasa na yi nawa ni ma, ba kunya.

Da safe na gangara kwana tare da mai faci. Ba mota, ba gilashi, ko zanen birki babu a kwalta. Ya rantse bai ji komai ba. Ya ce dai ya gan ni na wuce ina jan ƙyaure da baya ni kaɗai, ya ɗauka gyara zan yi masa. Ya so ya yi mini dariya, da ya ga yatsuna sai ya fasa.

Ranar na cire hinjin nan na sa wanda ba ya fita, na bi shi da ƙusa. Amma mutane ba su daina faɗuwa a kwana ba, ni kuma ba zan iya toshe kunne ba. Sai na yi wani faffaɗan katako mai hannu huɗu, na jingina shi a gindin bishiyar da ke tsallaken titi, nesa da gidana. Duk mai buƙata ya ɗauka, ba sai ya tambayi kowa ba.

Muna amfani da shi, ya ceci mutane da dama. Sai dai wata safiyar nakan tarar da shi a ɗaya gefen bishiyar, a jiƙe, an wanke shi tas, alhali ba wanda ya ji hatsari a unguwa.

Ban taɓa tambayar wanda ya wanke ba. Nakan duba ko ya tsage in gyara, in ƙara masa ƙusa. Yarinyar tana gudu yanzu, har ta iya kiran sunana, kuma muddin katakon nan yana da ƙwari, ba mai zuwa aron ƙyauren ƙofata.