Lamba Sha Bakwai Ba Ta Amsawa

Ranar Asabar da hantsi wani mutum mai farar riga da tabarau ya shigo ofishin 'yan sanda na unguwar masana'antu a birnin Bahri, riƙe da hannun rigar wani tsoho. Mai tabarau sunansa Muzammil. Tsohon kuma Baba Jatau ne, mai gadin ƙaramar ma'aikatarsu.

"Janabu, ga ɓarawon na kawo maka har ofis," in ji Muzammil, yana kiran Sufeto da kalmar girmamawar da ake kiran jami'ai da ita a garin. "Jiya Juma'a an ɗauke mana kwamfuta, kuma shi kaɗai ne a wurin."

Sufeto Ilyasu ya dubi hannuwan tsohon, duk kanta da tsagu. Ya san irin hannun nan. Shi ma a sansanin leburorin auduga na yankin Jazira aka haife shi, kafin aiki ya kawo shi birni.

"Baba, ka ɗauka?"

"Ranka ya daɗe, ko kunna ta ban iya ba."

Ƙara dai an shigar, dole aka tsare tsohon. Sufeto ya ɗauki hularsa ya bi Muzammil.

Ma'aikatar ɗaki biyu ce da tsakar gida. Akwatuna suke haɗawa, masu sarrafa injin ban ruwa na sola: akwatin ne ke tayar da inji, ya rage masa gudu, ya tsayar da shi, ko da manomi yana kasuwa. Muzammil ke sayo kaya da neman masu saye. Abokiyar haɗin gwiwarsa, Mawahib, ita ke rubuta manhajar da ke cikin akwatunan. Siririya ce, ba ta kai talatin ba, idonta ya yi ja don kuka.

Sufeto ya duba kwaɗon ƙofa. Ba a taɓa shi ba. Batura shida masu tsada suna jere a bakin bango, ba a ɗauki ko ɗaya ba.

"Ban da kwamfutar, me ya ɓace?"

"Wata 'yar gajeriyar waya shuɗiya," in ji Mawahib. "Da ita ake zuba manhaja a cikin akwati."

Sufeto ya dubi kwandon da ta nuna. Wayoyi sun fi arba'in a cuɗe.

"Makulli nawa ne?"

"Uku. Nawa, na Muzammil, na Baba Jatau."

"Ni ina garin Madani wurin biki," Muzammil ya yi saurin cewa. "Kuma harkar rubuce-rubucen nan ba nawa ba ne, Janabu. Ko lamba ɗaya ban sani ba."

Lambobin da yake nufi suna manne a bango, a doguwar takarda. Sittin da huɗu ne, kowace da aikinta a gabanta. Ɗaya: tashi. Biyu: auna ruwa. Sufeto ya bi su da yatsa har ya kai sha bakwai. Babu aiki a gabanta, sai kalma ɗaya da jan alƙalami: bur.

Ya ɗauke yatsansa a hankali. Rabon da ya ji kalmar nan tun yana yaro. A Jazira kowane fili da lambarsa, nimira ake ce masa, kuma duk shekara akwai nimirar da ake bari ba shuka. Ita ce bur.

"'Yar wace nimira ce ke?" ya tambaya.

Mawahib ta ɗago kai, a karon farko ta dube shi sosai. "Babana ya yi shekara talatin yana tsinkar auduga kusa da garin Hasahisa."

Ta zaunar da shi gaban wata tsohuwar kwamfutar tebur, wadda ta ajiye kwafin aikinta a ciki. Ta ce a cikin kowane akwati akwai wani inji wanda ba ƙarfe ba ne, rubutu ne zalla. Ba ya jin Larabci, ba ya jin Hausa, lamba kaɗai yake ji. Manomi yana da kati mai ɗauke da tsarin ban ruwansa, kuma ba komai a katin sai lambobi a jere. Injin ya karanta sha takwas, ya tsayar da famfo. Ya karanta sha tara, ya ƙara gudu.

"Sha bakwai fa?"

"Da can tana tayar da famfo ba tare da ta auna ruwa ba. Na ga haɗarinta na cire ta. Amma ban ba wani umarni lambarta ba, ba kuma zan bayar ba, domin akwai tsofaffin katuna a gonaki. In na cike gurbin, duk na ƙasa za su matso da ɗaya, kati ya ce abu, inji ya ji wani."

Sai ta nuna masa abin da suke kira gini, wato harhaɗa rubutunta ya zama abin da akwati zai karɓa. Ta danna maɓalli. Layuka suka zubo a allon kamar an buɗe bakin magudana. Kafin Sufeto ya ƙifta ido an ƙirga lambobi sittin da huɗu, an gwada kowace lamba da wadda take da ita tun farko, an tabbatar babu biyu masu lamba ɗaya, an tabbatar sha bakwai tana nan fanko. Allon ya yi kore.

"Wa ya ƙirga?"

"Gafiri. Mai duba aiki ne da na rubuta a cikin ginin. Haka na sa masa suna, irin mai gadin ruwa na gonakinmu. Duba."

Ta goge layin bur ta sake dannawa. Allon ya yi ja, ginin ya tsaya cak. Ta sake, ya sake ƙi.

"Ke ma da kika yi shi yana ƙin ki?"

"Har ni, Janabu. Don ni ma na yi shi. Wata rana zan gaji, shi ba zai gaji ba."

Sufeto ya daɗe yana kallon jan allon. Shekara ashirin da biyu yana aiki, ya ga mai gadin da barci ya ɗauke, ya ga wanda kunya ta sa ya buɗe ƙofa, ya ga wanda aka tsorata. Bai taɓa tunanin za a wayi gari 'yar mai tsinkar auduga ta ƙera mai gadin da ba ya jin nauyin kowa ba. Da ya tashi, sai ya tarar ya cire hularsa ba tare da ya sani ba.

Da la'asar ya sa aka fito masa da Baba Jatau, ya aika aka kawo masa shayi.

"Baba, ka ce ba ka bar ƙofa ba ranar Juma'a."

"Ban bari ba."

"Mai shayin bakin titi ta ce ta ga ka hau mota tun kafin kiran salla."

Tsohon ya sunkuyar da kai. "Na yi ƙarya, ranka ya daɗe. Maƙwabcina ne ya rasu a unguwar Mayo. Na je jana'iza, ban dawo ba sai bayan la'asar. Tsoro na ji a ce na bar aiki."

"Wa ya san za ka je?"

"Muzammil na roƙa tun ranar Alhamis. Ya ce in je, amma kada in gaya wa Mawahib."

Sufeto ya rubuta. Maganar tsoho ce kawai a kan maganar mai tabarau, kuma tsohon ya riga ya yi ƙarya sau ɗaya. Ranar Litinin ta sama za a kai shi gaban alƙali.

Kwana shida ba a sami komai ba. A na bakwai Mawahib ta buga waya, ta ce wani manomi ya zo yana zaginta a kan akwatin da ba ita ta sayar masa ba.

Suka haye gadar Shambat zuwa gonakin arewacin Omdurman. Manomin, Alhaji Almahdi, ya kai su bakin rijiya. Famfon ya ƙone ƙurmus, har yanzu wurin yana ƙaurin roba. Albasarsa ta fara kwantawa.

"Shekara biyu ina amfani da naku lafiya," ya ce. "Na haƙa rijiya ta biyu, na ga irinsa a kasuwar Omdurman da sauƙi, na saya, na sa masa katina na da. Ruwa ya ja ƙasa, maimakon ya tsaya sai ya haukace."

Mawahib ta tsugunna a inuwar darbejiya, ta haɗa akwatin da wayar salularta. Jerin umarni ya fito. Ta miƙa wa Sufeto.

Ya karanta da kansa. Sha shida tana nan yadda take. Sha bakwai: tsaya. Sha takwas: ƙara gudu. Babu bur.

"An nome ta," in ji shi.

"Aikina ne, har kurakuran rubutuna. Katin Alhaji ya ce sha takwas, yana nufin tsaya. Wannan ya ji ƙara gudu."

"Gafiri ya yarda da haka?"

"Ba zai yarda ba. Sai dai in an cire shi gaba ɗaya."

Mai shagon da ya sayar da akwatin ya fara rantsuwa cewa daga waje ya yi odarsa. Da ya ga ankwa a kan tebur sai ya tuna cewa guda biyar ne, mai raksha, keken nan mai ƙafa uku, ya kawo, mai kayan kuma ta waya kawai suke magana. Aka kwashe huɗun da suka rage. Sufeto ya gargaɗi Mawahib kada ta gaya wa kowa abin da suka gani a gona.

Ranar Lahadi da safe ya koma ma'aikatar da kofur guda, ya ce tambayoyin ƙarshe zai yi kafin kotu. A tsakar gida akwai famfon gwaji da tankinsa, haɗe da akwatin Mawahib na asali, mai ɗan allo da maɓallan lambobi don sarrafawa da hannu. Kusa da shi an jibge kwalaye na sababbin kaya. Sufeto ya tsayar da Muzammil a nan, shi kuma ya ja Mawahib can bakin ƙofa kamar za su yi shawara.

Famfon ya tashi da ruri. Tiyo ya fizge, ruwa ya yi kan kwalayen.

"Kayanmu," Muzammil ya yi tsalle.

"Tsayar da shi, bawan Allah," in ji Sufeto. "Kai ne kusa."

Muzammil ya faɗa kan akwatin. Ɗaya, bakwai. Ɗan allon ya rubuta: bur. Ruwa ya ci gaba. Ya sake dannawa, ya sake, har sau uku, kofur yana tsaye a bayansa yana kallo.

Mawahib ta tako a hankali ta danna ɗaya, takwas. Famfon ya yi shiru. Ba a jin komai sai ɗigar ruwa.

"Kwalayen fanko ne," in ji Sufeto. "Ni na sa ta shirya katin da zai tayar da famfon. Ka ce ko lamba ɗaya ba ka sani ba."

"Ruɗewa na yi, Janabu."

"Mai ruɗewa makunnin bango zai nufa, ga shi nan kusa da kafaɗarka. Kai lamba ka danna, kuma guda ɗaya sau uku. A duk ƙasar nan akwatuna biyar ne kawai sha bakwai take nufin tsaya a cikinsu. Mu uku muka san haka. Ni, ita, da wanda ya gina su."

Muzammil ya cire tabarau yana goge ruwa.

"Na kuma buga waya Madani," Sufeto ya ƙara. "Bikin ranar Alhamis aka yi."

Mutumin ya zauna a kan jiƙaƙƙen kwali, kwalin ya lotsa da shi.

"Kwamfutar tana gidan gwaggota a Omdurman," ya ce. "Ni ne mai digiri a gidan nan. Amma duk wanda ya shigo sai ya ce ina Mawahib. Na so in buɗe nawa. Na san duk wanda ya ga bur ɗin nan zai gane aikinta ne, sai na cike shi. Abu ƙarami, layi ɗaya."

"Sai me ya faru?"

"Ya ƙi ni." Muryarsa ta yi ƙasa. "Sau goma sha ɗaya ina gini yana ƙi. Na sauya suna, na sauya jeri, na yi duk dabarar da na sani. Kullum sai ya nuna mini layin nan daidai, kamar yana ganina. Da na gaji sai na cire shi."

"Ya gaya maka gaskiya sau goma sha ɗaya," in ji Mawahib. "Baba Jatau kuma kwana takwas yana kwance a siminti."

Muzammil ya miƙa hannuwansa. Kofur ya sa masa ankwa, ya fita da shi ta gaban takardar bango, rigarsa tana ɗiga.

Da azahar Sufeto da kansa ya mayar da Baba Jatau a motar ofis. Tsohon ya sauka, ya shafa bencinsa, ya zauna.

"Ranka ya daɗe, wa ya yi mini shaida? Ni dai ba ni da kowa a wurin."

"Wani mai gadi ne ɗan'uwanka, Baba. A cikin gidan nan yake aiki."

"Shekara huɗu ina nan ban gan shi ba."

"Taso in nuna maka."

Suka shiga. Sufeto ya jawo wa tsohon kujera gaban tsohuwar kwamfutar, shi kuma ya tsaya a bayansa, hula a hannu.

"'Yata, goge layin nan ki sake dannawa," ya ce wa Mawahib. "Ina so ya ga yadda yake ƙi."