Motar da Kofur Bai Sallama Ba

Duhu ya riga ya shiga lokacin da Kofur ya turo babur ɗinsa tsakar gida. Ɗan sandan hanya ne, mai bin ƙa'ida har abin ya yi yawa. Matarsa kan tsokane shi wai ko tukunya ba ya tunkararta ta gaba, shi kuwa ya ce wannan halin ne ke dawo mata da shi gida da ƙafafunsa. Amma ran nan bai yi raha ba. 'Yarsu Auta ta rugo ta karɓi hularsa kamar kullum, ya shafa bayanta da hannun dama, ya wuce ɗaki.

Ba a jima ba tsakuwa ta faɗo a kan kwano. Wata ta biyo. Matar ta fita tana shirin zagin yaran makwabta, ta tarar layin ba ko kaza. Da ta tsinci tsakuwar sai ta ji ta da zafi, baƙa, da kwalta manne a jikinta.

Washegari da magariba abin ya dawo, har da warin hayaƙin mota a ɗakin da ko risho babu. A nan suka sami Auta zaune a kan kujera, hannuwanta miƙe a gabanta, yatsu a dunƙule kamar ta riƙe sitiyari. Uwar ta ja, ta lanƙwasa, ta yi kuka, hannuwan suka ƙi sauka. Yarinyar ba ta waiwaye, sai dai ta ɗaga ido sama kaɗan, yadda direba ke duba madubi.

"Umma, ki ce masa na gaji," in ji ta a hankali.

"Wa, Auta? Wa zan gaya wa?"

Haka aka kwana, aka wuni, aka sake kwana, ana ba ta ruwa a cokali. Da uwar ta ɗaga rigarta za ta goge mata jiki, sai ta ga shatin hannu a bayanta, babba, yatsu biyar, ja kamar ƙuna. Kofur ya gani, ya kuma gane hannun. Tsoro ya kama shi irin wanda bai taɓa ji a kan titi ba. Ya fita neman Malamin unguwarsu.

Malam dattijo ne marar gaggawa. Ya zauna a gefen kujerar ya yi ta karatu har duhu ya fara cin kusurwoyin ɗakin. Can sai Auta ta buɗe baki, wata murya mai kauri ta fito, tana karkarwa kamar injin da aka bari a kunne.

"Ba da kai nake ba, tsoho. Da mai kakin nake."

"Me ya yi maka?"

"Tsayar da ni ya yi."

Muryar ta ba da labarin, Kofur na jingine da bango yana ji. Da magaribar ranar da ya dawo bai yi raha ba ne, a wata kwana da ba gida ba shago, ya ga mota tana tafe ba fitila, ya ɗaga mata hannu. Bai kuskure komai a aikinsa ba. Ya ajiye babur nesa a bayanta. Ya taho ta baya yana raɓe da jikinta, ya dafa murfin but na bayan motar da tafin hannu yadda aka koya musu, don in wani abu ya sami ɗan sanda a tarar da shatin yatsunsa a jikin motar. Ya tsaya bayan kafaɗar direba, inda ƙofa ba za ta buge shi ba. Ya ce a kashe mota, a ɗora hannu a kan sitiyari, kada a motsa sai ya sallama. Sannan ya haska tocila.

"Ya ga hannuwana," in ji muryar. "Bai ga sauran ba, don babu sauran da idonsa zai gani. Sai ya ja da baya, da baya, ya hau babur ya tafi. Mu kuwa ba ma karya umarnin da muka amsa. Ina nan a kwanar, hannuna a sitiyari. Iyalina na jira. To nasa ma su jira."

"Ka bar yarinya, ba ita ta tsayar da kai ba."

"Da hannun da ya dafa ni ya dafa ta. Ta nan na shigo."

Malam ya tambayi mai muryar abin da yake so. Ya ce rai. Malam ya ɗaga murya da karatu har kujerar ta fara jijjiga. Ya ce to idanu. Malam bai sassauta ba. Daga ƙarshe muryar ta yi ƙasa.

"Ya zo ta gabana, in ga fuskarsa, ya sallame ni. Hannun kuma nawa ne."

Malam ya juyo ya dubi Kofur. "Iyakar abin da na iya ke nan, ɗana. Saura naka."

Tun ranar da ya sa kaki ake nanata masa abu guda, shi ma yana nanata wa na ƙasa da shi: kome za a yi, kada ka tsaya a gaban mota. Ƙafafunsa sun san wannan fiye da kansa, suka ƙi ɗaguwa. Matarsa ta riƙe masa riga.

"Baban Auta, hannun aikinka fa."

"Sake ni. Nata hannuwan sun gaji."

Ya zaga ya tsaya a gaban kujerar, ƙirji a buɗe, ba tocila ba sanda. Idanun Auta suka sauko kansa, masu haske kamar fitila, suka daɗe suna kallonsa. Ya ɗaga hannun dama, ya kaɗa shi gefe yadda yake yi wa direbobi.

"Ka yi haƙuri da jira. Kana iya tafiya."

Inji ya tashi a tsakiyar ɗakin. Iska mai zafi ta taho ta ratsa shi, labule ya ɗaga, ƙarar ta fita ta ƙofa ta yi nisa har ta ɓace. Hannuwan Auta suka faɗo kan cinyarta. Na Kofur ma ya faɗo gefensa, kuma tun daga ranar bai sake ɗaga shi ya tsayar da kowa ba.

Auta ta fashe da kuka tana kiran Baba. Ya durƙusa zai rungume ta, hannun dama ya ƙi zuwa. Yarinyar ta dubi hannun yana lilo, ta kama shi da nata biyu da suka kumbura, ta ɗaga, ta ɗora shi a bayanta.