Wace Ce Perdida?

Da hantsi Yaƙubu ya faɗo komisariyar 'yan sandan Madawa, hula a karkace. An sace salular da ya zo da ita daga Sipaniya, inda yake aikin gonar tumatir. Ta wannan layin kaɗai maigidansa zai kira shi ya koma bakin aiki. In ya kira bai same shi ba, wani zai ɗauka a gurbinsa.

"Wa kake zargi?" Insifekta Takawa ya tambaye shi.

"Maiguwa mai sharjin salula. Shi ɗai ka taɓa ta."

A rumfarsa ta kasuwa, Maiguwa ya rantse bai taɓa ganinta ba. Takawa ya zura masa ido har rantsuwar ta ƙare masa.

"To, na sharja ta jiya," in ji Maiguwa. "Matatai Nasiba ta zo ta amsa. Har tat tambaye ni ko Perdida sunan mace na."

Takawa ya ɗauki Yaƙubu suka wuce gida. Nasiba ta tarbe su fuska a ɗaure, ta ce ita ko riƙe salular ba ta iya ba. Insifekta bai yi mata musu ba, ya leƙa turmin da ke gefenta. Wani abu yana ƙyalli a ciki.

"Gero kika daka, ko gilashi?"

Nan kishin ya ɓalle mata. "Na dake ta! Kullum yad dawo in duba, Perdida, Perdida! Wata Baturiya ta biyo mani miji har Madawa!"

Yaƙubu ya zube a ƙasa, hannu a kai. "Llamada perdida! Kiran da ba a ɗauka ba ke nan da Sipaniyanci!"

"Wa ke yawan kiranka?" in ji Takawa.

"Ita! Da na hita sai bip, sai bip, ta kira ta katse, wai in kira ta ta ji inda nike."

Dariya ta taso wa Takawa, tausayi ya danne ta. "Baiwar Allah, ashe da kanki kike kishi. Ɗauko mayafinki mu tafi."

Nasiba ta bi shi. A bakin zaure ta juyo tana hawaye, ta miƙa wa mijinta 'yar salularta.

"Ungo, kira maigidan naka."

Yaƙubu bai miƙa hannu ba.

"Lambatai tana cikin turmi," ya ce.