Ranar Da Kwamfutoci Suka Ƙi Buɗewa

Mulikatu ta fara ganin Tahidu ne a durƙushe a sabon ɗakin kwamfuta na makarantar babanta da ke Kukuo, wayoyi zube a gabansa. Ita ce malamar da za ta riƙe ɗakin, shi kuma an ɗauko shi daga unguwar Dabokpa ya shirya injinan.

"Sannu da aiki," ta ce. Ya ɗago zai amsa, sai ya tsaya yana kallonta. Ta yi murmushi ta kawar da kai.

Kullum bayan an tashi yara sai ta ja kujera kusa da shi. Ya nuna mata wani fayil da kwamfuta take kwafa wa duk wanda ya shiga karon farko.

"In na gyara shi a cikin rajista, wato ma'ajiyar saitin kwamfuta, Madam, sai in kwafe wannan injin zuwa sauran. Kowane yaro zai tarar da komai a shirye."

"Ka bar ce mini Madam."

"To me zan ce?"

"Kai ka sani."

Da yamma saƙonsa ya shigo wayarta: "Hasken idona, kin isa gida lafiya? Ki riƙa tafiya a hankali a kan babur ɗin nan." Ta karanta shi har ta haddace.

Ranar buɗe ɗakin, babanta Alhaji Zuberu ya gayyato iyayen yara, aka kafa rumfa. Yara suka zauna, kowa ya rubuta sunansa, amma babu injin da ya buɗe. Tahidu ya manta bai sauke fayil ɗin daga rajista ba kafin ya kwafe, fayil ɗin ya lalace a dukkansu. Shi bai lura ba, domin da tsohon sunansa yake gwaji, wanda ba ya buƙatar fayil ɗin.

Iyaye suka fara watsewa suna gunaguni. Alhaji bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Ɗauki jakarka, ɗana. Kada in sake ganinka nan."

Washegari Tahidu ya turo mata yadda za ta gyara, mataki-mataki, ya ƙare da cewa: "Na kunyata babanki a gaban jama'a. Ban cancance ki ba, Muli. Ki yafe mini." Daga nan wayarsa ta daina shiga.

Ita kaɗai ta gyara injinan, ɗaya bayan ɗaya, tana share hawaye da bakin mayafi. Suka tashi lafiya, amma wasu iyayen sun riga sun kwashe yaransu.

Watanni suka shuɗe. Masahudu, ɗan aminin babanta mai sayar da wayoyi, ya fara zuwa zance. Shi ya gaya mata Tahidu yana Kumasi, wai har an gan shi da wata. Ta shiga ɗaki ta kwanta, tuwon da Mma, mahaifiyarta, ta ajiye mata ya huce a wurin. Ta rame har zobe yana zamewa daga yatsanta. In ta shiga ɗakin kwamfuta ta ga kujerar da yake zama, sai ta ji kamar ta ajiye aikin.

Wata safiya Alhaji ya kira ta.

"Mulikatu, me zan gaya wa mahaifin Masahudu?"

"Baba, ka ba shi haƙuri."

"Har yanzu wancan yaron?"

Ta sunkuyar da kai.

Ya ce, "Ba kuskurensa ne ya dame ni ba. Na kore shi cikin fushi, na zaci zai dawo da manyansa. Sai ya gudu ya bar ki da aikin. Yaya zan ba irin wannan 'yata?"

Ta nemi lambar ƙanen mahaifin Tahidu, Malam Iddrisu, ta roƙe shi ya isar da maganar Baba yadda take. Ta ƙara da nata: "In kana da wata, ka faɗa mini da bakinka. In babu, ka dawo. Na gaji, Tahidu."

Sati ya wuce babu amsa, har ta cire rai. Sai ga saƙo daga baƙuwar lamba: "Babu wata, wallahi, ba a taɓa yi ba. Kunya ce ta riƙe ni. Ina hanya, hasken idona."

Ranar taron iyayen yara Tahidu ya zo tare da Malam Iddrisu. Ya tsaya a gaban iyayen, ya ce laifin nasa ne, ba na makaranta ba. Sannan ya durƙusa gaban Alhaji. Alhaji ya kalle shi, ya kalli 'yarsa da ke bakin ƙofa tana kuka, ya ce, "Tashi. Ku zo gida ranar Juma'a."

Bayan babbar sallah aka ɗaura aure a Kukuo. Da za a fita da amarya, Alhaji ya riƙe hannunta ya sa a na gwaggonta, idanunsa sun yi ja.

"Ku kai masa ita. Allah ya zaunar da su lafiya, ya ba su zuri'a mai albarka."

Matan gidan suka amsa da amin.